Maɓallin da na danna don kada a ce ban waye ba

Rubutun nan zai yi tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai dare.

Jiya wani ƙaninmu ɗan aji ɗaya ya turo min saƙo. Wai ya sayi sabuwar waya, ya sa an goge tsohuwar zai sayar, sai daga baya ya tuna hotunan bikin yayarsa suna ciki. Ya ce, “Yaya, akwai wata dabara?” Na faɗa masa abin da na sani, amma na kwana ina juyi, don ni ma na taɓa yin wadda ta fi tasa muni, kuma ban taɓa ba da labarin a fili ba sai yau.

Ni haifaffen Sabo ne a Shagamu. Baba, Allah ya jiƙansa, fataucin goro yake yi, kamar yawancin iyayenmu a unguwar. Yarbanci a bakina yake kamar Hausa. Amma ranar da na shiga Jami’ar Ibadan aka ba ni ɗaki a Sultan Bello Hall, sunana ya koma “Aboki”. Ba da mugunta suke faɗa ba, mutanen kirki ne, tukunya ɗaya muke ci. Sai dai duk wani abin zamani da ya shigo ɗakin, sai wani ya juyo yana dariya ya ce, “Aboki, you sabi am?” Su wasa suke yi, ni kuwa abin yana cin raina. Sai na ƙudurta a zuciyata cewa ba zan taɓa cewa “ban sani ba” a gabansu ba.

Da Babbar Sallah ta ƙarshen 2006 Yayanmu ya zo hutu daga Ingila, inda yake karatun digiri na biyu. Ya zo da kyamarar dijital, ya yi ta ɗaukar mutanen gida: Baba da ragonsa, Umma da ƙannenta wajen suya, yara da kayan Sallah, har da tsofaffin abokan Baba a rumfar goro. Daren da zai koma ya kira ni ɗakinsa ya miƙo min wani abu baƙi, mai bayan ƙarfe yana ƙyalli kamar madubi, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. Ya ce, “Ungo, iPod ce, na bar maka. Na zuba maka karatu da waƙoƙi, da duk hotunan Sallar nan. Ka kula da ita.”

Yaran yanzu ba za su gane girman abin ba. Kamfanin Apple ya fara fitar da iPod a 2001, irin tawa kuma mai nuna hoto da bidiyo ta fito a ƙarshen 2005. Gigabait 30 ce, kamfanin ya ce tana ɗaukar waƙa wajen 7,500. A lokacin kuwa yawancinmu Nokia mai tocila muke riƙewa, mai ji da kansa shi ne mai Discman da jakar faya-fayai. Ba ta da lasifika, ba ta da rediyo, ba ta da kyamara. Ɗan allo ne a sama mai inci biyu da rabi, sai wani da’ira a ƙasa. A cikinta akwai ɗan faifai mai juyawa irin na kwamfuta, in ka kara ta a kunne za ka ji yana ’yar ƙara.

Yaya ya yi ƙoƙarin nuna min yadda ake aiki da ita, na ce masa na gane. Wallahi ban gane komai ba.

Ranar farko na fi minti talatin ina danna da’irar nan da ƙarfi ina neman hanyar sauka ƙasa a jerin sunaye. Ashe ba dannawa ake yi ba, babban yatsa kake zagayawa a kai a hankali kamar kana shafa kan jariri, tana yin ƙas-ƙas tana gangarawa. Na tsakiya shi ne na zaɓa, Menu a sama shi ne na komawa baya. Ƙara sauti ma da zagayen ne. Na nemi maɓallin kashewa sama da ƙasa babu, sai da na gano cewa na kunna waƙa ake dannewa a riƙe har allon ya mutu. Rana ta uku ta ƙi motsi gaba ɗaya, na zauna gumi yana keto min, na ce shi ke nan na lalata kayan mutane. Ashe wani ɗan makulli ne a samanta da aka rubuta Hold ya goce a aljihu, har launin ruwan lemo ya bayyana a gefensa. Na mayar da shi, ta dawo.

Da na iya ta kuwa, ta zama abokiyar zamana. Yaya ya zuba karatun Husari da na Minshawi cikakku, da tafsirin Malam Ja’afar, da Shata da Ɗanmaraya Jos. Da asuba in na fito masallaci Minshawi ne a kunnena. In na tsallaka Agbowo sayen burodi, Shata ne. Da daddare kuma, in kewar gida ta taso, sai na ja bargo na buɗe wajen hotuna ina zagaya yatsa, fuskokin ’yan gidanmu suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Hotuna 214 ne, na san adadin don na sha ƙirga su. Farin iyafis ɗin nan kuma ya ɗaga min daraja a makaranta, mutanen da ba su taɓa gaishe ni ba suka fara tambayar sunana na gaskiya.

Matsalar ita ce caji. Ba ta zo da kan caja na bango ba, igiya ce kawai da ake sokawa a kwamfuta. Duk ɗakinmu mutum ɗaya ne mai laftof, wani ɗan Ogbomosho da yake karanta injiniyanci, muna ce masa Injiniya. Shi nake roƙo ya soka min in an kawo wuta. Wata ranar Asabar ’yan ɗaki suka ce ai wannan abu bai kamata a bar shi da waƙoƙin tsofaffi kawai ba, a sa 2Face da P-Square da D’banj. Ni ma ina so. Injiniya ya ce ba a zuba mata waƙa kamar yadda ake yi wa filash, sai da manhajar iTunes. Ya je kafe ya sauko da ita, ya ɗora a laftof ɗinsa, ya soka min iPod ɗin, ya tafi wanka. Yana fita ya ce in jira shi.

Ban jira ba. Mutum biyar suna tsaye a kaina.

Wani saƙo ya fito a allo. Abin da yake cewa, wanda sai daga baya na fahimta, shi ne: an tsara wannan iPod ɗin ne a kan kwamfutar Mac, irin ta Yaya, kuma Windows ba ta iya karanta wannan tsarin, sai an sake tsara ta. Maɓallin da za a danna an rubuta Restore. Ni kuma na ci Turanci a WAEC, na san kalmar tana nufin maido da abu, gyara shi. Me zai ba ni tsoro a cikin gyara? Wani saƙon ya sake fitowa yana tambaya ko na tabbata. Layi biyu ne ko uku. Da na karanta su da na ga an rubuta ƙarara cewa duk abin da ke ciki zai goge. Amma wani a bayana ya ce, “Aboki, ka san abin da kake yi kuwa?” Sai na yi murmushi na danna.

Ba a yi minti goma ba. Tambarin tuffa ya fito, sannan ta tambaye ni wane yare nake so, kamar yau aka ciro ta daga kwali. Na shiga wajen waƙoƙi, wayam. Na shiga wajen hotuna, wayam. Ashe maidowar da ake nufi ita ce mayar da ita yadda ta fito daga masana’anta.

Injiniya ya dawo da tawul a wuya, ya leƙa allon, ya dafe kai. Ya ce, “Akwai abu mai muhimmanci a ciki?” Nan ne na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko. Na ce, “A’a, ba komai, Yayana yana da su duka.” Muka kwana muna zuba waƙoƙi, da finafinai, da duk tarkacen da ke laftof ɗinsa.

Ban gaya wa Yaya ba. In ya kira ya ce yaya iPod, sai na ce lafiya lau. Na kwantar da hankalina da cewa hotunan suna kwamfutarsa, in ya dawo zan san yadda zan lallaɓa in kwafa.

Cikin azumin 2007 Baba ya kwanta, kwana shida Allah ya karɓi abinsa. Yaya bai samu jana’iza ba, sai wajen sadakar arba’in ya iso. Daren da ya zo muna zaune a ɗakin Umma, sai ta ce da ni, “Kai, ɗauko ɗan rediyon nan naka in ga Malam.” Haka take kiran Baba. Yaya ya ce, “Ai Alhamdu lillahi da na zuba maka su. Faifan kwamfutata ya mutu tun watan Yuni, komai ya tafi, katin kyamarar kuma na daɗe da goge shi. Naka ne kaɗai suka rage.”

Jama’a, ban san yadda zan kwatanta muku shirun da ya biyo baya ba. Shi yana can ya dogara da ni, ni ina nan na dogara da shi. Na buɗe baki na faɗi gaskiya a gaban kowa. Yaya bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Cewa kawai ya yi, “Me ya hana ka kira ni ka tambaya?” Umma kuwa ta ce, “Ku bar shi, Allah bai nufa ba,” ta juya fuska bango.

Da na koma makaranta na gaya wa Injiniya komai. Ransa ya ɓaci sosai, ya ce da na faɗa masa gaskiya a daren, da ya zare igiyar nan take. Shi ya fahimtar da ni cewa in an goge faifai, ba a nan take abin da ke ciki yake ɓacewa ba. Kamar an yage shafin farko ne na littafi inda aka jera abin da ke ciki, amma sauran shafukan suna nan, har sai an yi sabon rubutu a kansu. Duk waƙar da muka zuba a daren nan, a kan hotunan Baba muka rubuta ta.

Duk da haka bai bar ni ba. Da kuɗin motarsa ya raka ni Computer Village a Ikeja, wajen wani da ya sani mai aikin ceto bayanai. Sa’ar da muka ci ita ce, lokacin da Yaya yake zuba hotunan ya zaɓi a haɗa da na asali masu cikakken girma, ba ƙananan da ake gani a allo kaɗai ba, kuma ba mu cika faifan duka ba. Mutumin ya kwana biyu yana aiki. Cikin 214, goma sha ɗaya suka fito. Huɗu na rago ne. Uku na yaran maƙwabta. Baba yana cikin guda ɗaya tak, shi ma rabi: hularsa da fuskarsa yana dariya sun fito tsaf, daga ƙirji zuwa ƙasa kuwa toka-toka ne kawai, babu komai. Na wanke shi aka yanke ƙasan, aka sa a firam. Yana ɗakin Umma har yau.

Karatun Husari da tafsirin da waƙoƙin Shata duk na sake samunsu a wajen masu kaset a Sabon Ibadan cikin sati ɗaya. Abin da dubban mutane suke da shi ba ya ɓata. Naka na kanka, wanda ba kowa ke da shi ba sai kai, shi ne yake tafiya ba ya dawowa.

Apple sun daina yin iPod tun 2022, amma wayar da ke hannunka yanzu ita ma haka take. Don haka ƙannena, musamman ’yan aji ɗaya da za su fara riƙe sabuwar waya ko laftof a zangon nan, ga abin da na saya da tsada, ku karɓa kyauta. Duk saƙon da ya fito yana tambayarka ko ka tabbata, ka karanta shi har ƙarshe, ko mutum ɗari ne a kanka. Hoton da yake wuri ɗaya kawai ka ɗauka ba ka da shi, ka ajiye a wuri biyu ko uku, kuma kada ka ce ai wane yana da shi sai ka tambaye shi ka ji daga bakinsa. In kuma ka riga ka goge, ka tsaya cak, kada ka zuba komai a kai, ka nemi wanda ya sani a ranar.

“Ban sani ba, nuna min” ba ta taɓa rage wa kowa daraja ba. Waɗanda nake jin kunyarsu a ɗakin nan, yau ko sunayen wasunsu na manta. Shi kuwa Injiniya har yanzu muna zumunci, kuma har yanzu Aboki yake ce min.

Wanda ya karanta har nan, don Allah ya sa Baba a addu’a. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya ƙara wa waɗanda suke raye lafiya. In naka suna raye, ka ɗauke su hoto a hutun nan, ka tura wa ’yan’uwanka duka.