Katanga A Tsakiyar Rumfa

Wata Lahadi da yamma a ɗakin kwananmu na ɗalibai, wani abokina mai ƙulafucin tseren babura ya tsare ni da labarin kamfanin Yamaha. Ni kuwa duk abin da na sani game da babur bai wuce na Yayana ba, wanda yake acaɓa da shi tsakanin Miga da Jahun. Na saurara ne don kara kawai, ashe labarin gidanmu za a ba ni.

A babban tseren duniya da ake kira MotoGP, kowace ƙungiya mahaya biyu take fitarwa, rigarsu iri ɗaya, tutarsu ɗaya. To amma in aka ƙera sabon ƙarfe guda tak, babur ɗin wa za a ɗaura wa? Kuma koken wa injiniyoyi za su fara saurara? A 2008 Yamaha ta kawo wani yaro ɗan Sifen, Jorge Lorenzo, ta ajiye shi kusa da gwarzonta Valentino Rossi na Italiya, sai aka tsaga rumfar gyaransu da katanga. Dalilin da aka bayar shi ne tayoyinsu ba na kamfani ɗaya ba ne, Rossi na hawa Bridgestone, Lorenzo kuwa Michelin, kada asirin wani ya tsallaka wurin wani. Da shekara ta zagayo kowa ya koma Bridgestone, katanga tana nan daram. A 2010 Rossi ya karye a ƙafa, Lorenzo ya ci kambun duniya, Rossi ya tattara nasa ya nasa ya koma Ducati, inda ya shekara biyu bai zo na ɗaya ba ko sau ɗaya.

Honda kuwa wata hanya ta bi. Marc Marquez ta riƙa, ya ciyo mata kambu shida daga 2013 zuwa 2019, babur ya bi hannunsa har ya zamana sauran mahaya da ƙyar suke sarrafa shi. Ran da ya faɗi a Jerez a 2020 ya karya damtse, shekarar nan kaf Honda ba ta ci tsere ko ɗaya ba.

Nan ne gabana ya faɗi, ya ɗan'uwa mai karatu, domin ni ne Marquez ɗin gidanmu.

Mu biyu ne maza wurin Baba, kuma kowa ya san Yaya ya fi ni kai a lissafi. Amma ƙarfin Baba bai wuce karatun mutum ɗaya ba, fadama kuma tana son hannu, ga kacala ta cinye hanyoyin ruwa, sai an shiga da lauje. Ba a taɓa zama aka ce an zaɓe ni ba. Sai dai in aka sayar da shinkafa a fara cire kuɗin rajistata, sabuwar taguwa tawa ce, kwance na Yaya. Da ambaliyar 2022 ta shanye mana gona, Baba ya kira mu zaure ya ce ko injin ban ruwa ko babur, ɗaya sai ya tafi. Yaya ya ce, "Baba, a bar su duka, zan riƙa kaiwa dare." Haka ya yi ta yi har na biya.

Abin da ban faɗa wa kowa a gida ba shi ne na faɗi kwas biyu a zangon da ya wuce. Lorenzo da Rossi dai kowa albashinsa yake karɓa, in ransa ya ɓaci ya sake ƙungiya. Yaya ina za shi?

Da aka yi hutu shi ya zo Jahun ɗaukata. Ya ɗaure jakata a kan tanki, muka kama hanya, iska na ɗauke rabin magana. Na tsara yadda zan gaya masa tun daga tasha, amma da na buɗe baki sai na ji na ce, "Yaya, ba ka taɓa jin haushina ba?"

Ya ɗan rage wuta kamar zai amsa. Sa'an nan ya ce, "Malam ɗan boko, riƙe da kyau, akwai rami a gaba."