Jirgin Kakana Baƙi Ne

Daga wata ɗalibar aji 2, ƙaramar sakandare

Ban taɓa ganin jirgin ƙasa da idona ba, kuma na san yawancin masu karanta wannan allo haka suke, domin babu layin dogo a jiharmu ta Kebbi. Mu a Sharabi abin da muka sani shi ne babur, da amalanke, da manyan motoci masu bi ta Tsamiya su tsallaka Segbana. Duk da haka, da malamin zane ya ce kowa ya zana abin sufuri, jirgin ƙasa na zaɓa.

Dalili kuwa, Inna tana da wani tsohon gwangwanin biskit da take ajiye zare da allura a ciki. A kan murfin akwai hoton kan jirgi kore shar, yana fitar da hayaƙi, an rubuta masa lamba 4472. Kwana biyu na yi ina kwaikwayonsa, har koren fensirina ya kusa ƙarewa.

Da na gama na kai wa Kaka, mahaifin Babana, don shi kaɗai ne a gidanmu ya taɓa shiga jirgi. Yana saurayi ya tafi karatun allo Zariya, ya shiga mota zuwa Gusau, daga can ya hau jirgi. Kusan kowane dare sai ya ba mu wannan labari. Ya kawo takardar dab da idonsa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Amarya, wanga ba jirgi ba na. Jirgi baƙi na ƙirin kamar gindin tukunya. Kuma manyan ƙafafu nai huɗu na kowane gefe, ke uku kika yi."

Na yi dariya. Na ɗauko gwangwanin na nuna masa, na ce, "Kai dai tsufa ya sa ka manta, ko kuma ba ka taɓa shiga ba." Mun saba wasan jika da kaka, amma wannan karon a gaban ƙannena na faɗa, su ma suka fashe da dariya. Bai ce komai ba, ya miƙo mini takardata. Daren nan bai ba da labari ba, haka washegari. Sai da aka yi mako guda. Inna ta ce bakina ya fi ni girma.

Ni kuwa so nake a tabbatar da cewa ni ce da gaskiya, sai na zo da murfin makaranta. Malam ya buga lambar a wayarsa, ya ce ai wannan sanannen jirgi ne na Ingila, sunansa Flying Scotsman, an ƙera shi a garin Doncaster a 1923. A shekarar ne aka haɗe kamfanonin jiragen Birtaniya suka koma manya guda 4, kuma kowane da launinsa, kamar yadda ake gane ɗaliban kowace makaranta da kayansu. Kamfanin LNER, mai jirgin gwangwanin Inna, kore mai haske yake shafa wa kawunan jiragen fasinjansa. LMS nasu ja ne mai duhu, kamar ruwan soɓo. Great Western kan jirginsu kore ne mai duhu, taragon fasinja kuma ƙasansa ruwan cakulan, samansa ruwan madara. Southern su ma kore. Ya nuna mana wani shuɗi mai dogon hanci, sunansa Mallard, wanda ya yi gudun mil 126 a awa a 1938, kuma har yau babu jirgi mai gawayi da ya wuce shi.

Ina ta murna na ci gardama, sai Malam ya ce in dakata. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an shafe jirage da baƙin fenti, har shi Flying Scotsman ɗin. A 1948 gwamnati ta karɓe kamfanonin gaba ɗaya, aka sake launuka. Taragon fasinja ya koma ja da ruwan madara, har mutanen can suka raɗa masa suna "jini da kastad". (Wannan suna bai yi mini daɗi ba, ina son kastad.) Ashe jirgi ɗaya yana iya canza launi sau da yawa, kuma na jikin gwangwani bai ma yi aiki a Najeriya ba.

Sai muka nemi namu. Layin dogo ya isa Kano a 1911, reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Gusau kuma ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Malam ya samo hotunan wasu kawunan jirage da aka ƙero wa Najeriya daga Birtaniya tun daga 1948, waɗanda aka sa wa sunayen koguna. Matsalar ita ce hotunan da muka samu duk baƙi da fari ne, ko jirgin ja ne ko kore, baƙi zai fito. Amma ƙafafu suna ƙirguwa. Malam ya faɗaɗa hoton da yatsunsa, na ƙirga: ƙaramar ƙafa a gaba, ƙarama a baya, manya 4 a tsakiya. Na sake ƙirgawa, 4 ne. Na gwangwanin Inna 3 ne.

Jikina ya yi sanyi. Mutumin da ya riƙe yawan ƙafafun jirgi fiye da shekara 50, ba zai manta launinsa ba. Kuma na ga wauta ta: na yarda da murfin biskit, na ƙaryata wanda ya tsaya kusa da abin har ya ji zafinsa a fuska.

Da yamma na same shi a zaure, na durƙusa na ce, "Kaka, ku yi haƙuri, ku ne da gaskiya." Ban taɓa ce masa "ku" ba sai ranar. Ya ce, "Tashi, ai na sake ki tun makon jiya, sai ki nemi wani miji." Da na ji haka na san ya huce.

Daren nan labari ya dawo, har da abubuwan da bai taɓa faɗa ba. Ya ce gawayin jirgin daga Inugu ake kawo shi. Akwai mutum mai aikin zuba shi a wuta da shebur, gumi yana tsiyaya. Kujerun katako ne, kuma wanda ya leƙa taga sai ƙurar gawayi ta shiga idonsa. Farar rigar da mahaifiyarsa ta ɗinka masa, kafin su isa Funtuwa ta zama ruwan toka, sai da ya ɓuya ya yi kuka. Na tambaye shi launin taragon da ya zauna a ciki, ya ce wannan sai gobe, barci yake ji.

Na sake zanen. Baƙin fensirina ya ƙare a rabi, sai na ɗauko gawayi a murhun Inna na ƙarasa, shi ya sa hannu yake baƙi idan an taɓa. Shi ne kuke gani a manne gefen wannan rubutu, kusa da koren na farko. Don Allah kada a taɓa. Malam ya ba koren maki 8, baƙin ya ba shi 7, wai na ɓata takarda. Kaka kuma ya ce ƙafafun sun yi daidai, amma bututun hayaƙin ya yi tsawo.