Shaddar da Ta Rasa Mai Ita

Ana saura kwana biyar Sallah Ƙarama, kawuna ya aike ni Kantin Kwari in sayo wa ma'aikatan gidan burodinsa shadda, yadi biyar-biyar. Da na tambaye shi mutum nawa ne, sai ya miƙo mini takardar albashin watan da ya wuce, ya ce in ƙirga. Suna talatin da ɗaya na samu. Ranar rabo ya zauna da kansa a kan tabarma yana kira, har masu aikin dare sun hallara, domin ba wanda ke fashin ranar karɓar kayan Sallah. Da aka gama, ƙunshi huɗu suka rage.

Manajan, wanda ɗan ƙanwar matar kawu ne kuma a gidan ya tashi, ya ce biyu sun yi tafiya, biyu ba su da lafiya. Da maganar ta wuce a haka, in ba don wani dattijo mai kwaɓin fulawa ba, wanda ya ce cikin rashin sani, "Ai Alhaji, wancan yaron tun faɗuwar damina ya koma gona." Wata tara ke nan ana biyan albashinsa.

Idan aka ce ma'aikatan bogi, hankalinmu gwamnati yake tafiya. Muna tuna yadda a 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya, a zamanin Kemi Adeosun, ta sanar da cire sunaye sama da 23,000 daga jerin masu karɓar albashi, bayan an gwada su da lambar BVN, aka ga asusu da yawa na komawa ga mutum ɗaya. Gwamnati ta nemi taimakon na'ura ne saboda ba ta iya kallon fuskar kowane ma'aikaci. Kawu kuwa yana iyawa. Mutum ashirin da bakwai ba su fi ƙarfin idonsa ba, amma duk da haka aka yi ta yankarsa.

Da ya ba ni littattafan in duba, na gane cewa ba wayon manajan ne ya yi yawa ba. Aiki uku aka haɗa masa a hannu ɗaya: shi ke ɗaukar ma'aikaci ya rubuta sunansa, shi ke lissafa abin da kowa zai samu, shi ke biya. Kawu jimilla kawai ake faɗa masa, ya tura kuɗin. Sunayen bogin ma su ne ƙaramar ɓarna. Akwai awowin ƙarin aiki da ba wanda ya yi su. Akwai bashin da ma'aikaci kan ci kafin ƙarshen wata, a cire masa daga albashi, amma kuɗin ba su koma asusun gidan ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yara uku masu ɗaurin leda, da ba su iya karatu ba, suna dangwala yatsa a gefen adadin da ya fi wanda ake damƙa musu. Mai gida da yaransa aka haɗa ana ci.

Na tambayi kawu me ya hana shi duba takardar ko sau ɗaya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai ɗan nan, yaron da na yi wa aure, in ce ya kawo littafi in gani? Ai na kira shi ɓarawo ke nan." A nan ciwon yake, kuma ina jin yawancin masu ƙananan sana'o'inmu suna ɗauke da shi. Mun ɗauki bincike a matsayin zargi, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, tsakanin muminai da muminai.

Gyaran da muka yi bai ci kuɗi ba. Ba a ƙara suna ko a cire sai da sa hannun kawu, bayan ya ga mutumin da katinsa na shaida. Wanda ke lissafi daban, wanda ke tura kuɗi daban. An daina biya a hannu, kowa sai ta asusunsa, kuma tunda sunan mai asusu kan fito da zarar an shigar da lambobin nan goma, ana gwada shi da sunan da ke takarda. Lamba ɗaya ba ta fitowa sau biyu. Bashi yana da littafinsa, mai ci da mai bayarwa duk suna sa hannu. Kowane wata kawu na kiran mutum biyu ko uku, ba tare da sanarwa ba, ya tambaye su nawa ya shigo musu. An kuma sanar da kowa cewa ƙa'ida ce ta gida, har ni da nake duba lissafin tana kaina, don kada wani ya ga da shi ake.

Ba a kai manajan wurin 'yan sanda ba. Dangi suka zauna, aka yanka masa abin da zai riƙa biya duk wata, aka fara da haƙƙin yaran nan uku. Kawu da kansa ya ce a rubuta, a sa shaidu biyu. Ƙunshi ɗaya cikin huɗun kuwa ya sa aka ƙara wa dattijo mai kwaɓi.