Mota Tana Mis, Kafin a Buga Waya Gida



Akwai wata ɗabi'a tamu ta Hausawan da fatauci ya zaunar da iyayenmu a nan Jalingo: da mota ta fara ciwo, sai a buga waya gida. Mahaifina ya zo garin nan tun ana Gongola, kafin a ƙirƙiro Taraba a 1991, ni kuwa a Turaki aka yanke mini cibiya. Amma har yau in motarsa ta yi tari, wani amininsa mai sayar da kayan mota a Ƙofar Ruwa ta Kano yake fara kira. Mutumin kirki ne, sai dai tsakaninsa da injin tafiyar yini guda ce. Ta waya yake saurare, ya ce a canza kaza, mu tura kuɗi, mu zauna jiran kaya a tasha. Motar nan kuwa ita ke kai atamfa kasuwannin Iware da Mutum Biyu. Ranar da ta kwana a gareji, ranar babu ciniki.

Abin da makanikai ke kira mis shi ne silinda guda ta ƙi kama wuta lokacin da layi ya zo kanta. Injin mai silinda 4 yawanci yana bugawa ne 1-3-4-2, to in ɗaya ta yi fashi sai mota ta riƙa karkarwa a sulo, ta rasa ƙarfi, salansa na warin ɗanyen fetur. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, wannan warin kuɗi ne ke fita ta baya. Abu uku silinda ke bukata: wuta, cakuɗen mai da iska, sai matsi. Dole ɗayansu ne ya gaza, kuma da mai arha ake fara bincike.

A daminar bara tamu ta fara. Daga Kano aka ce famfon mai ne. Wani yaro Bamumuye da ke gyara a bayan layinmu ya ce, “Baba Alhaji, ka yi haƙuri in duba tukuna, kada a sayi komai.” Ya ta da injin, ya riƙa zare soket ɗin kwayil ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya zare, karkarwa ta ƙaru, sai na uku, da shi da babu duk ɗaya. Ya musanya kwayil na uku da na biyu, ciwon ya bi shi ya koma na biyu. Da ya haska ramin fulogi da tocila, ga baƙin mai kwance a ciki, gaskit ɗin murfin bawul ne ke yoyo har ya lalata kwayil. Famfo lafiyarsa lau. Ai hankali ma ya nuna, famfo guda ke shayar da duka huɗun, don me zai tsani ɗaya?

Shi kansa fulogi magana yake yi. Baƙin ƙirin a bushe, mai ya fi iska yawa. Fari fat, mai ya yi kaɗan, a duba nozul ko wani tiyo da ke satar iska. A jiƙe da fetur, wuta ce ba ta zuwa.

Masu kwamfuta ma suna da amfani. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 duk suna da wurin jona ta. P0301 zuwa P0304 na nuna silindar da ke fashi, P0300 kuwa na nufin ciwon yawo yake. Amma ɗaki kawai take nuna maka, ba ta ce ga ɓarawon ba. In kuma fitilar injin tana ƙiftawa, a tsaya, don ɗanyen mai na ƙona abin nan na cikin salansa da ake kira indomi, in dai ba a riga an sace shi ba.

Sai abin da na gida ba zai sani ba, wato yanayin ƙasar nan. Daminarmu ta fi ta Kano tsawo, danshi na shiga tsagaggun wayoyin fulogi. In mis ya fara bayan ka sha man 'yan bunburutu a hanyar Bali, zargi ruwa a tanki, ko da yake a watan Fabrairu na 2022 gidajen mai da kansu sun sayar da gurɓataccen fetur mai metanol. Hawan Mambilla kuma daban ne. A saman, inda tudu ya haura mita 1,500, iska ba ta da kauri, lafiyayyar mota ma sai ta rage ƙarfi, wannan ba mis ba ne. Amma in tana fizga a tsakiyar hawa da kaya, raunanan kwayil ko famfo ne suka tona kansu.

In wuta da mai sun fita daga zargi, saura matsi. A ɗaura gejin awo a kowane rami a kwatanta. Silindar da ta faɗi ƙasa da 'yan uwanta, ko dai bawul ya ƙone, ko zoben fistan ya cinye. In kuma biyu da ke maƙwabtaka suka faɗi tare, ga farin hayaƙi, ruwan lagireto na raguwa ba tare da yoyo a ƙasa ba, to gaskit ɗin kan silinda ya tafi, sai an sauke kan injin.