Soron Ƙofar Gidanmu

Ranar sadakar arba'in ɗin Baba, Yaya Babba ya tara mu ya ce za a rushe soron ƙofar gidanmu na Birniwa, a sa bulo da kwano. Kowa ya ce madalla, ni kaɗai na yi tsit. Inna ta harare ni, "Ke kuma kumburin bakin na mene ne?" Na kasa ba ta amsa. A soron nan Baba ke biya mini allo, in ya juya baya in ɗaga kai ina ƙirga azara.

Ban san darajar abin da nake ƙirgawa ba sai da na kai littafina wurin buga shi a Kano, na ratsa Gidan Makama. Gidan ƙasa ne tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, yanzu kuma gidan tarihi ne da hukuma ke kula da shi. Ina ɗaga kai gabana ya faɗi, wallahi kamar na shiga soronmu! Azara ce ta giginya, wadda gara ba ta cika yi wa ɓarna ba. Ba ta iya haye ɗaki mai faɗi ita kaɗai, shi ya sa magina ke ɗaura ta hawa-hawa daga bango, wata ta zarce wata, su lulluɓe da ƙasa har bakan gizo ya haɗu a tsakiya. Babu rodi, babu siminti.

Har a Ingila akwai wani gidan katako, Little Moreton Hall, da aka fara ginawa wajen 1504. Ya karkace kamar tsohuwa mai ciwon baya, amma doka ta hana a rushe shi.

Na kwashe duka na faɗa wa Yaya. Ya ce, "Ke marubuciya, kin manta daminar 2022? Gidajen ƙasa nawa suka rufta a ƙasar Hadeja? Wa zai riƙa biyan kuɗin yaɓe duk shekara?" Gaskiyarsa, 'ya'yansa ne ke wasa a ciki. Na ce ni zan biya da kuɗin littafi, ya yi dariya har da tafi.

Duk da haka ya yarda aka kira tsohon maginin unguwarmu. Ya ƙwanƙwasa azarar ɗaya bayan ɗaya, ya ce uku ne suka mutu, sai indararon gabas da ya toshe. Yaya ya ba ni damina ɗaya. Na riga na sayar da zobena.