Iya Ruwa, Fid Da Kai

Ni haifaffen Bulumkutu ne a cikin birnin Maiduguri, kuma Kanuri ne harshen da na buɗi baki da shi. Hausa a kasuwa da filin ƙwallo na tsince ta, kafin Allah ya kawo ni wannan sashe. Karin maganar da ke sama kuwa, a tsakiyar ruwa na koyi ma'anarta tun kafin in gamu da ita a aji.

Tun muna yara mukan saci jiki mu tafi kogin Ngadda mu yi iyo idan ya kawo ruwa. Samarin Gwange, da yake a bakin kogin suke, kullum gori suke mana, wai mu 'yan Bulumkutu ba mu san wani ruwa ba sai na kududdufi. Wannan gori ne ya sa a watan Janairun 2023 muka yanke shawarar yin gasa a tafkin Alau, inda madatsar ruwan da aka kammala a 1986 take, kudu maso gabas da birni. Kowace unguwa ta fitar da mutum uku. Sharaɗin shi ne a je wani busasshen itace da ke tsaye cikin ruwa, a taɓa shi, a dawo. Ni kuwa na ce wa mahaifiyata ɗaurin aure za ni.

Mun isa da hantsi, hunturu na kaɗawa, hazo ya rufe ɗaya gaɓar, iska kuma sai tayar da igiyar ruwa take yi. Wani dattijo masunci da ke gyaran komarsa ya dube mu ya ce, "Samari, yau ba ranar shiga ba ce." Muka yi dariya. Bai ƙara cewa komai ba, sai ya tura kwalekwalensa ya biyo mu a hankali.

Da na faɗa ruwan, numfashina ya ɗauke kamar an naushe ni a ƙirji. Daga baya ne na karanta cewa ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska kusan sau 25, kuma sanyin farko yakan sa mutum ya ja numfashi ba da niyya ba, har ya shaƙi ruwa. A lokacin ban san wannan ba, burina kawai in wuce ɗan Gwangen da ke gabana. Duk sa'ad da na ɗago kai sai igiya ta mare ni a fuska. Haka na daure har na taɓa itacen, ni ne na biyu.

A dawowa ne labari ya sha bamban. Yatsuna suka sandare, sannan jijiyar ƙafata ta dama ta ɗaure. Na sha ruwa sau biyu. Ina jin 'yan unguwarmu suna kiran sunana daga gaɓa, ga kwalekwalen dattijo kusa da ni, amma kunya ta hana ni ɗaga hannu. Sai na tuna da mahaifiyata, wadda take zaton ina can ina cin shinkafar biki. Wa zai je ya faɗa mata inda aka tsamo ni? Nan take na ɗaga hannu na ce, "Baba, taimake ni!"

Ya miƙo mini filafili, ya jawo ni ciki, ya lulluɓe ni da buhu. Haƙorana na kaɗawa na ce, "Baba, na ba unguwarmu kunya." Ya ce, "Ɗana, iya ruwa fid da kai. Wanda ya kwana gida yau, shi ya ci." 'Yan Gwange suka lashe gasar, aka yi wata guda ana mini tsiya. Da dare na faɗa wa mahaifiyata gaskiya, ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata ba.

Da ƙuruciya nakan yi mafarkin shiga wasan Kabanci na bikin kamun kifin Argungu, inda ake tseren iyo da na kwalekwale da kamun agwagwa. Nakan kuma jinjina wa Matthew Webb, wanda ya ƙetare tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa a 1875 cikin kusan awa 22. Abin da ban lura da shi ba a da shi ne, shi ma da jiragen rakiya ya yi tafiyar.

Ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Gwange da Fori da Kasuwar Monday har da fadar Shehu. Na shiga cikin matasan da suka je ceto, amma ban taka ruwan ba sai da igiya a ƙuguna, wasu na riƙe da ita. Cikin waɗanda muka yi aikin tare har da wanda ya cinye ni a gasa, kuma babu wanda ya tayar da zancen.

Da malaminmu na Adabin Baka ya tambayi ma'anar wannan karin magana, wani ɗalibi ya ce tana nufin gwaninta. Ni na ɗaga hannu na ce, a ganina gwanintar ba ta cika ba sai mai ita ya fito da ransa, ko da kuwa a kwalekwalen wani ne. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai masu sha'awar iyo, kada a shiga ruwan hunturu babu mai rakiya, kuma kada a ji kunyar ɗaga hannu.