Buji uku ko buji huɗu? Yadda muka zaɓi injin motar ƙungiya



Mun daɗe muna jin ana cewa zancen inji na maza ne: mace ta tara kuɗi, namiji ya je ya zaɓo, ita kuma ta yi guɗa. To mu dai a namu gani, wadda ta zuba kuɗi ita ke da bakin magana. Tun 1991 da aka soma tsarin Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi, mata sun koyi riƙon asusu, sun koyi bada bashi da karɓarsa, sun koyi sayen hatsi da kaka a sayar da bazara. Wadda ta iya wannan lissafi ba za ta kasa gane bambancin inji biyu ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu ba ku labarin shawarar da ta ɗauke mu wata biyu, ko wata ƙungiya ta ƙaru.

Ƙungiyoyi huɗu ne muka haɗa kai, mata ɗari, kowace tana zubin 500 F a mako. Shekara uku muna ware wani kaso na ribar bashi da ta bankin hatsi, domin mu sayi ƴar ƙaramar mota. Aikinta uku ne. Ta yi taksi cikin gari don ta ciyar da kanta. Ranar kasuwa ta kai mata da kayansu, man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, kayan miya, zuwa Tibiri ko Madarunfa ko Gidan Runji. Na ukun shi ne wanda ya fi tsaya mana a rai: in naƙuda ta zo wa mace da tsakar dare, a samu abin kai ta likita, kar a ɗora ta bisa kabu-kabu.

Wajen irin mota ba a yi gardama ba. Toyota Yaris muka tsaida, saboda kayan gyaranta ba su wuya kuma makanikai sun san ta. Dillali ya nuna mana biyu, duka ƙirar 2007, duka na hannu daga Turai, duka masu shan esansi, duka wurin mutum biyar har da direba. Daga waje kamar tagwaye. Bambancin yana ƙarƙashin murfin gaba. Ɗaya injinta 1.0 ne, ɗayar 1.3, kuma mai 1.3 ta fi tsada da jika 250.

Jika 250 ba abin wasa ba ne. Zubin mata ɗari na mako biyar ke nan cur. Akwai cikinmu wadda sai ta sayar da ƙosai kwana biyu kafin ta haɗa dala ɗarin zubi. Ba mu da ikon kashe kuɗin irin wannan mace a kan abin da ba mu gane ba.

Sai muka ɗauki wani dattijon makanike, muka biya shi da kanmu, muka ce: Baba, zauna ka fahimtar da mu kamar yadda ake koya mana baƙaƙe a ajin yaƙi da jahilci. Ga abin da muka kwaso.

Lambobin nan, 1.0 da 1.3, awon cikin inji ne da lita. A cikin inji akwai wasu tukwane da ake kira silinda, inda mai da iska ke haɗuwa, buji ya kyasta musu wuta, ƙarfin fashewar ya juya ƙafafu. Mai 1.0 tukunya uku gare ta, in an haɗa cikinsu duka lita ɗaya ne. Mai 1.3 tukunya huɗu, lita ɗaya da kusan sulusi. Ƙarfin inji da doki ake auna shi: ƙaramar doki 69, babbar doki 87. Kowace tukunya da bujinta, saboda haka in aka buɗe maki murfi kika ƙirga, uku ko huɗu, kin san abin da ke gabanki ko dillali ya so ko bai so ba. Akwai kuma sunan inji da ake rubutawa a ƴar takardar da ke manne jikin mota: 1KR ita ce ƙaramar, 2SZ ita ce babbar. Duka biyun da sarƙar ƙarfe suke aiki a ciki, ba bel na roba da ake canzawa lokaci-lokaci ba, to ta nan ba wadda ta fi wata.

Daga nan taro ya rabu biyu, kuma kowane ɓangare da hujjarsa mai ƙarfi.

Ma'ajiyarmu ita ta ja masu son ƙaramar. Ta ce mota ba ranar saye take cin kuɗi ba, kullum take ci. A watan Yuli na 2024 an tsaida litar esansi 499 F a gidan mai, wato dala ɗari ba tamma ɗaya. Amma wa ya manta da watan Maris na 2025, lokacin da mai ya yi wuya, aka yi ta dogon layi a gidajen mai duk da matatar SORAZ da ke Damagaram? Shi kuma ruwa-ruwan bakin hanya da muka saba samu da araha, tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 arahar ta tafi. Ta ƙara da cewa binyet da asiransi da ƙarfin mota ake yanke su, wanda ke rubuce cikin kartigiris, to babban inji ba zai taɓa zama mafi sauƙi ba a nan. Ko buji aka zo canzawa, mai uku uku za ta saya.

Muka ce to a kawo allo. A takardar kamfani bambancin shan mai tsakanin injin biyu bai kai lita ɗaya ba a kilomita 100, amma muka ɗauka lita ɗaya cif don kar mu ruɗi kanmu. A ce mota na yin kilomita 60 a yini, kwana 26 a wata. Kilomita 1560 ke nan. Rarar mai ta kama lita 16, kusan jika 8 a wata, jika 96 a shekara. Da aka rubuta lambar nan sai wuri ya yi tsit. Jika 96 jarin mace huɗu ne ko biyar.

Sai wata Hajiya, wadda ta fi mu duka shekaru a fatauci, ta ce: ƴaƴana, lissafinku daidai ne, amma na motar da ba ta ɗauki kowa ba ne. Ta tambaye mu, jakin da ya fi ƙanƙanta ai shi ya fi cin dusa kaɗan, mi ya hana kowa ya ɗaura masa amalanke? Aka yi dariya, amma makanike ya ce gaskiyarta. Awon da kamfani ke yi ba da mata huɗu da jarkokin man gyaɗa ake yin sa ba. In aka cika ƙaramin inji da kaya, dole direba ya riƙa zama a giya ta biyu da ta uku yana taka mai, inji na kuka. A nan rarar da muka lissafa take narkewa, ko ta ragu ƙwarai. Ga rairayi: unguwanninmu da yawa ba kwalta, kuma tashi daga cikin yashi da cikakken kaya ƙarfin ja yake so. Injin da ba shi da shi, kulocinsa ke biya. Ga zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40. In aka kunna kilim saboda mara lafiya, daga ƙarfin inji yake ci, kuma mai doki 69 ta fi jin cizon.

Gani ya kori ji. Muka roƙi dillali ya bar mu mu gwada su biyun a hanya ɗaya, da mutane ɗaya, da kaya ɗaya: mata huɗu cikakku, ba ƴan mata ba, da buhun gero rabi da jarka biyu a baya. Kan kwalta cikin gari, wallahi ƙaramar ba ta da laifi. Tana ɗan kaɗawa in tana tsaye, makanike ya ce halin mai tukunya uku ne, ba ciwo ba ne. Da muka sauka cikin rairayin unguwa, ta fita, amma da nishi. Da aka kunna kilim a ɗan hawa sai da direba ya sauko da giya. Babbar ta bi wurin nan ba ta ko canza murya ba.

Makanike bai tsaya nan ba. Ya ce ku ji da kyau, motar da ta shekara fiye da goma sha biyar, lafiyar injinta ta fi girmansa muhimmanci. Gara 1.0 mai lafiya da 1.3 da ta gaji. Ya sa muka koma da sassafe, kafin kowa ya tada su, domin inji mai sanyi ba ya ɓoye ciwo. Ya saurara ko sarƙa na ƙarar kacau-kacau wajen tashi. Ya duba hayaƙi, ya ce in shuɗi ne inji na shan baƙin mai. Ya buɗe murfin da ake zuba baƙin mai, ya ce in kuka ga farin abu kamar kindirmo, ruwa na shiga inda bai kamata ba, ku gudu. Ya bar su suna aiki har fankar sanyaya ruwa ta tashi da kanta. Lambar kilomita kuwa ya ce kar mu dogara da ita, ana iya maida ta baya. A dubi yadda sitiyari da abin takawa da kujerar direba suka cinye. Duka biyun suka ci jarrabawa. Sannan sakatariyarmu ta gwada lambar da ke jikin kowace mota da wadda ke cikin takardun duwan, harafi bayan harafi.

Ranar yanke shawara muka yi yadda muka saba: ƙwarya biyu bayan zana, kowace mace da tsakuwarta. Kafin a jefa, an faɗa wa kowa a fili cewa in aka zaɓi babbar, rabon bana zai ragu, kuma mai zai fi ci. Babbar ta yi rinjaye, amma ba da nisa ba. Waɗanda suka jefa wa ƙaramar ba su yi kuskure ba, tsoronsu na gaskiya ne, don haka muka maida tsoron nan doka. Direba yana da littafi: kilomitan safe, kilomitan yamma, litar da aka sha, da takardar gidan mai. Ma'ajiya, wadda ta fi kowa adawa, ita aka damƙa wa duba littafin kowane mako. Mun buɗe wani aljihu cikin asusu na gyara da binyet da asiransi, ba a ba da bashi daga cikinsa ko biki ya zo. Mun hana ɗaukar fiye da mutum huɗu bayan direba, domin babban inji bai ƙara wa mota kujera ba, bai ƙara mata ƙafa ba. Lokacin hunturu kuma a riƙa kakkaɓe matatar iska, ƙura ba ta san 1.0 ko 1.3 ba.

Ƴan uwa, ba muna cewa kowa ya sayi irin tamu ba. Ƙungiyar da ke Yamai ko tsakiyar Damagaram, wadda motarta za ta yini kan kwalta tana kai yara lakwal ko tana raba ƴan kaya marasa nauyi, ƙaramin inji ya ishe ta, ta riƙe jika 250 ɗinta ta juya. Wadda kuma hanyarta ta fi tamu muni, kamar wasu ƙauyukan Tawa masu duwatsu, wataƙila ƴar motar gari ma ba tata ba ce sam. Kafin ku tambayi dillali kuɗi, ku tambayi kanku: wa za ta ɗauka, mi za ta ɗauka, wace hanya za ta bi, kilomita nawa a yini? Ku rubuta amsar a allo kowa ya gani. Ku ɗauki makaniken da ku kuka biya, wanda ba ya jiran la'ada daga mai sayarwa. Ku shiga motar da kanku, da nauyinku da kayanku. In an buɗe murfi kuma, kar ku ja baya kuna jin kunya, ku matso ku ƙirga bujin.

Allah ya sa albarka cikin asusunmu, ya tsare mu da tsautsayin hanya. Amin.